Barde a Cikin Laburare

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan bai ji sunan Alhaji Badamasi Ubaidullahi K/Magani ba, to ko dai kurma ne, ko kuwa Alhajin ya yi tafiya ran nan. Don in yana gari, shi da kansa zai gaya maka. Asalinsa mutumin Kasuwan Magani ne, can wajen Kajuru, shi ya sa yake rufe sunansa da K/Magani, da 'yar sandar nan a tsakiya, kamar yadda mutanenmu ke yi in sunan gari ya cika tsawo. Kemis gare shi a bayan tasha. Amma kada ka kuskura ka ce kemis a gabansa. Cibiyar Lafiya da Bincike, haka aka rubuta a allo, kuma haka za ka faɗa in kana son a sayar maka da maganin ciwon kai cikin mutunci.

Kai, Allah ya yi baiwa a wurin nan! Farar rigar likita yake ɗorawa a kan babbar riga, komai zafi. A wuyansa akwai abin sauraren ƙirji wanda kunne ɗaya ya daɗe da cirewa, amma Alhaji ya ce ƙwararre da kunne ɗaya yake ji, biyu na 'yan koyo ne. 'Yan acaɓa suka sa masa Farfesan Bayan Tasha don tsokana. Ya ji sunan, ya auna shi, ya ga daidai da shi ne, ya karɓa da hannu biyu. Tun daga nan in ka ce masa Farfesa sai ya ɗan rusunar da kai, irin na mutumin da girma ya gajiyar.

Kuma marubuci ne, kada a manta. Ya taɓa buga wani ɗan siririn littafi mai suna Citta, Uwar Magunguna Duka, inda ya tabbatar wa duniya cewa cittar Kudancin Kaduna tana maganin mura, da ciwon gaɓɓai, da mantuwa, da jinkirin ƙarin girma a wurin aiki. Ba a saya ba, gaskiya. Amma ya shiga gidaje da yawa, don da shafukansa ake ƙunshe ƙwayoyi a Cibiyar.

Abu ɗaya ne ya hana wannan bawan Allah sakewa a shekarar 1996. Ƙungiyar masu kemis ta shiyya za ta zaɓi shugaba bayan damina, Alhaji kuwa yana son kujerar nan kamar ransa. Har ya ba da ɗinkin rigar rantsuwa. Sai ga Madam Scholastica ta fito takara, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta buɗe kemis a bakin kasuwa, da satifiket ɗinta a cikin gilashi, a rataye inda duk mai shiga zai gani. 'Yan ƙungiya suka fara cewa ai shugabanci sai mai takarda. Nan ne ciwon yake. Alhaji bai gama firamare ba, mahaifinsa ya cire shi ya sa shi a rumfa, kuma duk farar rigar nan da biro-biron da ke aljihunta, wannan ramin suke rufewa. In aka ambaci satifiket a gabansa sai ya yi dariya da ƙarfi, amma abin yana sukarsa, wallahi yana sukarsa.

Ana cikin haka sai Allah ya jefo Malam Azariya.

Malam Azariya malamin kimiyya ne a wata kwaleji da ke wajen gari, mutumin Fadan Kaje, mai sanyin magana. Ya dawo daga ƙarin karatu da kwamfuta, abin da a lokacin ba kowa ya taɓa gani ido da ido ba, yana rubuta littafi a kan tsire-tsiren magani na yankin. Wata rana matarsa Emilia ta sayo maganin tari, ya warware ƙunshin, ya ga rabin shafi a kan citta. Ya ce to, ko ba komai an buga abu da Hausa a garin nan, ya kamata a ambace shi a jerin manazarta, wato sunayen littattafan da marubuci ya duba, waɗanda ake jerawa a ƙarshen littafi. Sai ya zo Cibiyar da ladabinsa.

"Sannu da aiki, Alhaji. Ina so in sa littafinka a manazarta na. Ka ba ni cikakken suna da shekaran da aka buga."

Alhaji ya ajiye cokalin awon da ke hannunsa. Ya dubi sama. Ya dubi masu jiran magani, ya tabbatar kowa ya ji. Sa'an nan ya ce, "Malam, na san za ku zo. Na daɗe da sanin jami'o'i za su neme ni, jinkirin da kuka yi ne kawai ya ba ni mamaki. Ku jira a waje, jama'a, ilimi na ganawa da ilimi."

Washegari ya ɗauki hanyar kwaleji da kansa, don ya ga inda za a ajiye sunan. Malam Azariya ya cire wa kwamfuta mayafinta, ya kunna, ya zura mata wani baƙin faifai mai kusurwa huɗu.

"A cikin wannan faifai akwai abin da muke kira laburare," in ji shi. "Umarni ne da waɗansu masana suka riga suka rubuta, suka tara wuri ɗaya, kowa ya ɗauka ya yi aiki da shi. Ni dai in zuba masa sunan mutum, da shekara, da sunan littafi. Shi ya san inda waƙafi zai zauna, inda aya zai zauna. Sunan ƙarshe, zai kai shi gaba. Sauran sunaye zai yanke su, ya bar harafi ɗaya ɗaya. Sa'an nan ya jera kowa daga A zuwa Z. Ba ruwana da wahala."

Alhaji ya gyaɗa kai tun kafin a kai rabin bayanin. A duk maganar nan kalma ɗaya ce ta shige shi, ita ce laburare. Kafin la'asar duk bayan tasha an ji cewa sunan Farfesa ya shiga laburare. Wani mai shayi ya tambaya ko a ina laburaren yake. Alhaji ya ce a Amurka aka gina shi, hawa bisa hawa, sa'an nan Turawa suka matse shi ya koma faifai don sauƙin ɗauka. Mai shayi ya ce ikon Allah. Alhaji ya ce ai kaɗan ma ka ji.

Da aka buga gwajin farko a takarda, Malam Azariya ya kawo masa har kanti. Alhaji ya sa tabarau, ya duba layin farko. Ba shi ba ne. Wata ce wai Afiniki, H., da ta yi rubutu a kan acca. Ya bi da yatsa, ya wuce shafi, ya sake wuce wani, sai can tsakiya ya tsinci kansa a matse tsakanin mutum biyu da bai taɓa jin labarinsu ba:

K/Magani, B. U. (1991). Citta, Uwar Magunguna Duka. Kafanchan.

Tabɗi! Ran nan masu jiran magani sun sha lacca kyauta.

"Malam Azariya, ina ganin girmanka. Wace ce Afiniki? Da wa ta yi gogayya da za ta zauna a sahun gaba, ni ina tsakiyar kasuwa? Acca! Ana maganar citta, wa ke maganar acca? Sa'an nan dubi nan. B. U. Wane ne B. U.? Ni da na je Makka na dawo, na'ura ta tuɓe ni tsirara a gaban duniya, ko Alhajin babu?"

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji Malam Azariya. "Laburare bai san babba ba, bai san yaro ba. A ya sani, B ya sani. Kuma a manazarta ba a sa Alhaji, ba a sa Rabaran, ba a sa Dakta. Ko bishop ne, haka zai fito."

"To bishop ya yarda. Ni ban yarda ba."

Alhaji ya sake komawa kwaleji, wannan karon da katan ɗin lemo da ƙwaryar goro, don shi a saninsa babu ofishin da ba a gaisuwa. Ya dire su a gaban kwamfuta, ya gyara tsayuwa, ya yi mata jawabi a kan tarihin gidansu da irin hidimar da ya yi wa lafiyar al'umma. Kwamfuta ta saurara da kyau, ba ta katse shi ba ko sau ɗaya, abin da ya sa ya ce ta fi mutane da yawa tarbiyya. Maganar sahun gaba dai ba ta yiwu ba. Amma a kan Alhaji, Malam Azariya ya gaji, ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta kalmar a gaban Badamasi, ya danna. Laburare ya ɗauke ta a matsayin suna kamar kowane suna, ya yanke ta, ya bar harafin farko. Takarda ta fito:

K/Magani, A. B. U. (1991).

Alhaji ya karanta. Ya sake karantawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. A. B. U.! Haruffan babbar jami'ar Zariya, ga su nan manne da sunansa, baƙi a kan fari, kuma ba shi ya rubuta ba. Sai da ya nemi kujera ya zauna. Idonsa ya kawo ruwa, na gaske, ba na jawabi ba.

"Ka gani ko, Malam?" ya ce a hankali. "Ku mutane kuna ta neman takarda. Ita na'ura ciki take dubawa."

Malam Azariya ya dubi fuskar dattijon, ya fasa bayani, ya mayar wa kwamfuta mayafinta.

Kafin mako ya zagayo an sake fentin allon Cibiyar, an ƙara A.B.U. da jan fenti. In aka tambaye shi, "Alhaji, ashe a Zariya ka yi karatu?" sai ya ce, "Ni ban faɗa ba. Laburare ne ya faɗa, je ka yi musu da shi." Kuma abin mamaki, maganar ta ci. 'Yan ƙungiya suka fara ratsowa ta bayan tasha suna gaisuwa. Waɗanda da suke cewa sai mai takarda suka koma cewa ai satifiket a bango yake tsayawa, littafi kuwa yawo yake yi. Madam Scholastica da kanta ta ce wa wata maƙwabciyarta, "In da gaske sunan shi yana cikin littafin makaranta, to ni na san zaɓen nan ya wuce ni." Alhaji ya yi alkawari a bainar jama'a cewa ranar zaɓe zai kawo littafin, kowa ya gani da idonsa.

Da ya tsaya a nan, jama'a, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Akwai wani ƙauye da Alhaji ke sayen citta, inda ko mota ba ta shiga da damina. Dagacin garin ya yi fama da ciwon baya, Alhaji ya aika masa da man zafi, Allah ya sa aka dace. Don godiya, dagaci ya naɗa shi Barde. Aka yi rawani, aka yi kiɗa, aka ci tuwon acca, wadda a ran nan Alhaji bai ga laifinta ba. Bai ko warware rawanin ba ya zarce kwaleji, ya tarar Malam Azariya na shirin kai aikin wurin masu ɗab'i a Jos.

"Dakata! A ƙara Barde. A gaban Alhaji za a sa, sarauta ba ta bin baya."

"Alhaji, abin ya yi kyau yadda yake. Ka bar shi haka."

"Barde za ka ce. Rubuta."

Malam Azariya ya rubuta. Cikakken sunan ya bayyana a fuskar kwamfuta, Barde Alhaji Badamasi Ubaidullahi K/Magani, ya kusa cika layi. Ya ce a ɗan jira ya sa laburare ya jera, a ga yadda zai fito. Barde ya ce shi da laburare sun riga sun fahimci juna, kuma masu taya murna na jiransa a kanti. Ya juya da rawaninsa, sai da ya sunkuya kafin ya fita ƙofa.

A yi wa Malam Azariya adalci, ya yi ƙoƙari. Da ya ga abin da ya fito, ya fasa tafiya Jos ran nan, ya hau babur ya zo Cibiyar da takardar a hannu. Ya tarar da kanti cike da 'yan gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala da Barden nan. Gara a cire shi. Don Allah ka duba takardan."

Barde ya dubi jama'a, ya yi murmushin wanda ya san duniya.

"Kun ji ko? Na faɗa muku ɗaukaka tana da 'yan rakiya. Malam, wa ya aiko ka? Ta bakin kasuwa ce?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ka karanta kawai, layi ɗaya ne."

"Na karanta shi a zuci tun kafin a rubuta. Ka saurare ni da kyau. Sarautar nan ba a kasuwa na saye ta ba. In ka cire Barde, ka cire ni gaba ɗaya, ni kuma in gaya wa duniya cewa hassada ta shiga kwaleji. Harafi ɗaya kada a taɓa."

"Harafi ɗaya kada a taɓa," Malam Azariya ya maimaita. "Jama'a, kun ji da kunnenku." Ya ninke takardarsa, ya sa a aljihu, ya ce Ubangiji ya kiyaye, ya hau babur.

Littafin ya iso ana gobe zaɓe, a naɗe cikin takarda mai ruwan ƙasa. Barde ya hana a buɗe. Ya ce abu mai daraja a gaban shaidu ake buɗe shi.

Ranar zaɓe aka taru a wani ajin firamare, manya-manyan masu kemis a takure kan bencin yara. Aka buɗe da addu'a iri biyu, ta Musulmi da ta Kirista, kamar yadda aka saba. Sakataren ƙungiya, Yakubu, ya bayyana tsari: kowane ɗan takara zai yi magana, sa'an nan a fita fili, kowa ya yi layi a bayan wanda yake so. Madam Scholastica ta yi nata gajere, a kan magungunan jabu da yadda za a kore su daga shiyya, ta zauna.

Barde ya miƙe, da rawani, da farar riga, da abin sauraren ƙirji. Ya fara daga tarihin citta. Ya bi ta kan Amurka da hawa-hawan laburare. Ya ce akwai ilimin da ake ratayewa a bango ƙura ta hau shi, akwai kuma wanda na'ura ke tantancewa ba sani ba sabo. Da ya ga an fara hamma sai ya yage takardar da aka naɗe littafin, ya ɗaga shi sama, aka yi tafi. Sa'an nan ya yi abin da ya daɗe yana shiryawa a ransa. Ya taka har gaban abokiyar takararsa, ya miƙa mata.

"Madam, ke ce mai karatu. Buɗe wajen manazarta, harafin K. Karanta wa jama'a da bakinki, da ƙarfi, don na baya su ji."

Madam Scholastica ta sa tabarau. Ta buɗe, ta bi da yatsa, ta tsaya. Ta ɗago ta dube shi.

"Barde, in karanta?"

"Karanta!"

"Yadda yake a rubuce?"

"Harafi ɗaya kada ki tsallake."

Ta gyara murya. "K, sanda, Magani. Waƙafi. B, A, B, U." Ta sake duba layin, sa'an nan ta faɗa a sarari, a hankali, irin karatun 'yan aji ɗaya: "Magani, babu."

Wani a baya ya fara, ƙasa-ƙasa, yana toshe baki da hula. Na kusa da shi ya kama. Kafin ka ce me ajin ya kece, har wani dattijo ya zame daga benci yana riƙe da ciki. Littafin ya shiga yawo hannu zuwa hannu, kowa na son ya gani da idonsa, kamar yadda aka yi musu alkawari. Ga shi nan kuwa, baƙi a kan fari: K/Magani, B. A. B. U. Mai kemis guda, a littafin makaranta, kuma ba wanda zai ce ƙage ne tunda ga shaidu an ce kada a taɓa harafi. Barde ya ce a yi shiru, akwai bayani na kimiyya. Ba a ji bayanin ba.

Amma fa namiji ne, a ba shi wannan. Da aka fita fili ya je ya tsaya a inda aka nuna masa, ya miƙe ƙirji, ya kafa ido a kan dutsen Kagoro. Babban mutum ba ya waiwaye, balle mai sabon rawani. Yana jin takun ƙafafu da 'yan dariya a bayansa, ana ta kai da kawo, ya ƙudurta a ransa cewa layi ne ke tsawo. Yakubu ya gama da ɓangaren Madam, ya zo nasa, ya tsaya da biro a hannu.

Barde ya yi magana ta gefen baki, bai juya ba. "Sakatare, mutum nawa ne a bayana?"

Yakubu ya leƙa bayansa, ya sake leƙawa don kada a ce bai yi aikinsa ba, sa'an nan ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, yadda littafi ya faɗa."